Yadda mai ciwon suga zai ci Sallah ba tare da ya kwana asibiti ba

Sallata ta farko bayan likita ya tabbatar min da ciwon suga, kwaɗon zogale da dafaffen ƙwai kawai na ci da rana. Ina zaune a tsakar gida, yaran maƙwabta suna ta shigo da kuloli, ƙamshin waina da miyar taushe ya cika ko'ina, ni kuwa sai haɗiyar yawu nake yi kamar wadda aka yi wa horo. Na daure har magariba. Sai na shiga kicin in ɗebo wa baƙi cincin, na ce bari in ɗanɗana ƙwara biyu. Ban farga ba sai da na hango gindin roba, na kuma kora da lemo mai sanyi. Kafin in kwanta na gwada, na'urar gwajin suga ta nuna 310, wato ya hau sosai.

Yau shekara 9 ke nan. Yanzu ina cin waina ranar Sallah, ina cin alkaki, ina cin naman layya, kuma na'urata ba ta tsorata ni da dare. Abin da ya canza shi ne tun kafin ranar nake yanke wa kaina abin da zan ci, da yawansa, da lokacinsa. Da ke zan yi magana, 'yar'uwa, tunda mu ne a bakin murhu, amma maigida mai ciwon ma ya karanta. Nawa ciwon irin na manya ne, wanda ake shan ƙwaya. In allurar insulin kike yi, ko kina da juna biyu, ko ƙodarki ta taɓu, ma'aunin da likitanki ya ba ki shi ne gaba da nawa.

Kayan da za ki tanada

Na'urar gwajin suga, da tsinken gwaji aƙalla 12 don kwana 3 na Sallah. Ki duba batir da ranar lalacewar tsinken tun da wuri, don kemis da yawa a rufe suke ranar Idi. In ba ki da na'ura, ki haɗa kai da wata mai ita a unguwa ki sayi naki tsinken, amma allurar tsira yatsa kowa da tasa, ba a aro.

Magungunanki, waɗanda za su kai ki bayan hutu.

Faranti matsakaici, faɗinsa kamar kamu ɗaya, wato wajen santimita 23. Ba tiren da ake jera wa baƙi abinci ba.

Gwangwanin madara da ƙaramin cokali, su ne ma'auninki.

Gorar ruwa da filas ɗin zuba zoɓonki.

Sukarin kwali ƙwara 4 ko alawa, a ƙulle a leda cikin jakarki. Wannan magani ne na lokacin da suga ya faɗi, kada yara su gan shi.

Kayan ganye: zogale, rama, kabeji, latas, lansir, kokwamba ko gurji, yalo, tumatir, albasa. Wanda ya samu a kasuwarku ya isa.

Kayan ƙamshi: citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa, daddawa, na'a-na'a.

Ƙaramin littafi da biro.

1. Ki ga likita sati ɗaya kafin Sallah

Wannan ya fi matsa wa wadda ta yi azumi. Da yawa daga cikinmu ana juya mana lokutan shan magani a Ramadan, wanda ake sha da safe ya koma buɗa-baki, na dare a rage shi ya koma sahur. Ranar Idi dole ya koma yadda yake a da, kuma ba ke za ki yi wannan lissafin da ka ba. Ki tambaye shi abu biyu: yadda za ki sha ranar Sallah, da ko maganinki yana cikin masu kayar da suga. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake yin haka ba. Glibenclamide da gliclazide da insulin kuwa suna yi, musamman in an sha ba a ci abinci ba.

Ki kuma san lambobinki. Ma'aunin da aka fi bai wa manya shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 awa 2 bayan an fara ci. In na'urarki mai ƙananan lambobi ce, irin mai nuna 6.5 ko 9.2, ki raba manyan da 18: zai zama 4.4 zuwa 7.2, da ƙasa da 10. Ƙasa da 70, wato 3.9, suga ya faɗi ke nan.

2. Ki zaɓi abin da ranki ya fi so

Ki zauna ki lissafa abin da za a yi a gidanku da wanda kika san za a kawo: tuwon shinkafa, waina, sinasir, funkaso, alkubus, dafa-duka, taliya, cincin, dublan, alkaki, nakiya, kek, kunun aya, lemo. Duk waɗannan jiki suga yake mayar da su, mai zaƙi da marar zaƙi. To, a cikinsu wanne ne in Sallah ta wuce ba ki ci ba za ki ji kamar ba a yi Sallar ba? Ki zaɓi ɗaya a abincin rana, ɗaya a kayan zaƙi. Ni waina da alkaki ne. Shinkafa da miya kullum ana yin ta, me zai sa in ɓata rabona a kanta ranar Idi?

A nan ne ake yawan ruɗin mutane, bari in tsaya kaɗan. Za a ce miki ai wannan alkakin da zuma aka yi, ba komai. Zuma abu ce mai albarka, amma tana ɗaga suga kamar yadda sukari yake yi, ki gwada da na'ura ki gani da idonki. Haka mazarƙwaila, haka dabinon da ake markaɗawa a kunun aya a ce ba a sa sukari ba. Za a ce tuwon alkama ne ko na acca, na masu suga ne, ki ci ki ƙoshi. Sun ɗan fi farar fulawa, amma malmala uku ta tuwon alkama za ta kai ki inda malmala uku ta tuwon shinkafa za ta kai ki. Na taɓa yin wata biyu ina ƙoshi da tuwon alkama ina mamakin me ya hana sugana sauka.

3. Aikin jajibere

Abin sha shi ne ya fi yi wa mai suga illa, domin ba ya cika ciki kuma nan take yake shiga jini. Yawancin lemon kwalba yana da sukari kusan giram 10 a kowane mililita 100. Robar rabin lita ke nan wajen giram 50, kimanin ƙaramin cokali 12. Ki auna cokali 12 na sukari a kofi ki kalle shi sau ɗaya, ba za ki manta ba. Lemon malt da lemon kwali duk jirgi ɗaya ya kwaso su, har wanda aka rubuta ba a ƙara masa sukari ba. Saboda haka ki haɗa naki:

Ki ɗauraye zoɓo gwangwani 2 da ruwan sanyi don ƙasa ta fita. Ki zuba masa ruwa lita 3, da ɗanyar citta babba guda ɗaya a daddake, kanumfari kamar 10, da ɓawon abarba wankakke. Ki tafasa minti 10, ki sauke, ki jefa na'a-na'a ki rufe har ya huce. Ki tace, ki markaɗa kokwamba ɗaya ki tace a ciki. Ki ɗebi naki a filas kafin ki zuba wa na mutanen gida sukari. In tsami ya yi miki yawa ki ƙara ruwa. Kada ki kashe tsamin da kanwa in kina da hawan jini, kanwa 'yar'uwar gishiri ce. In kina amfani da ƙwayar zaƙi ta masu suga, ki bari ya huce tukuna, don mai aspartame zaƙinta yana gudu a wuta. In babu zoɓo, jiƙon tsamiya da citta ko ruwan lemon tsami da na'a-na'a suna yin aikin.

Waina kuma, ki ɗebi naki ƙullin kafin a zuba sukari, ki yanka masa albasa da yawa, ki soya a ƙananan gurabun tanda da mai kaɗan.

Cincin ba ni da dabarar da za ta mayar da shi abincin masu suga, don fulawa ce da mai. Abin da nake yi shi ne in raba sukarin biyu, inda ake zuba gwangwani ɗaya a fulawa gwangwani 4 in zuba rabi, in ƙara 'yar gyaɗar ƙamshi. Yarana ba su taɓa ganewa ba. Bayan an soya sai in ƙulla nawa a 'yan ledoji, cikin tafin hannu ɗaya kowace leda, sauran in rufe a ɗakin da ba na zama. Babbar roba a kicin ita ta kayar da ni a waccan Sallar ta farko.

Sannan ki tanadi abin taunawa da ba ya ɗaga suga sosai, don hannunki ya samu abin kaiwa baki lokacin da kowa yake ci: dambun nama, soyayyar gyaɗa marar sukari, awara, dafaffen ƙwai, yalo.

4. Safiyar Idi

Ki gwada da kin tashi, ki rubuta.

A ƙaramar Sallah sunna ce a ci wani abu kafin a fita, dabino mara, wato ɗaya ko uku. Ƙaramin dabino ɗaya ya cika miki sunna. In manya ne irin na tsarabar Makka, ɗaya ma ya isa sosai. Ki bi shi da karin kumallo na gaske: ƙwai, shayi marar sukari, ɗan ƙosai ko alale.

A babbar Sallah kuwa an so a jinkirta ci sai an sauko daga Idi. Nan na yi kuskurena na biyu. Na sha ƙwayata da asuba, na ƙi cin komai, wai ina neman lada kuma ina ajiye ciki don hanta. Muka taka zuwa filin Idi a rana. Ana cikin huɗuba na ji gumi mai sanyi yana bin bayana, hannuna yana rawa, muryar liman kamar daga cikin rijiya. Wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta karɓi alawar jikanta ta tura min a baki. Da na koma wa malaminmu da tambaya, cewa ya yi jinkirin mustahabbi ne, kare lafiya kuwa wajibi. Tun daga nan ba na fita da ƙwaya a ciki ba abinci. Kada ki ƙi karyawa don ki rama da rana, wanda ya zo wa tuwo da yunwa ba ya aunawa.

Wani abu da ba na ci ba ne amma sai na faɗa: sabon takalmin Sallah. Ki fara sa shi kwanaki kafin ranar, kuma kada ki taka ƙasa mai zafi ba takalmi. Ciwon nan yana rage jin ƙafa, sai ƙafa ta sale ba ki sani ba. Da dare ki duba tsakanin yatsu.

5. Yadda za ki zuba abincin rana

Ki zuba da hannunki, a farantinki, sau ɗaya. In kika sa hannu a tire tare da jama'a, ba za ki taɓa sanin nawa kika ci ba.

Rabin farantin ganye ne: kwaɗon zogale ko rama, ko kabeji da latas da kokwamba da ɗan ƙuli. Kwaɗon ma ki kula, wasu suna barbaɗa masa sukari. Kashi ɗaya cikin huɗu nama ne ko kaza ko kifi, kamar faɗin tafin hannunki ban da yatsu. Ragowar kashi ɗayan shi ne na abin da kika zaɓa: ƙananan waina 2, ko sinasir ɗaya, ko tuwo malmala kamar dunƙulen hannunki, ko shinkafa gwangwani ɗaya bayan ta dahu. Ɗaya daga ciki, ba a haɗa biyu. Miya kuwa ki zuba a wadace, taushe ko kuka ko kuɓewa, sai dai ki kwashe man da ya taso.

Ki fara da ganyen, ki bi da nama, wainar ta zo ƙarshe. Abinci ɗaya ne, amma in ganye da nama suka riga shiga, suga ba ya yin tsalle irin wanda yake yi in waina ta tarar da ciki fayau. Ni na gwada duka biyun a kaina, na ga bambanci a na'ura.

6. Lokacin alkaki

Kayan zaƙi a bayan abinci ake cin su, ba da hantsi a kan yunwa ba, ba kuma da tsakar dare ba. In kin san za ki ci alkaki, ki rage waina ɗaya a madadinsa. Ki gutsuri rabi, ki sa a ƙaramin faranti, ki mayar da sauran, ki zauna ki ci a hankali da shayi marar sukari. Dublan da alkaki ana tsoma su a ruwan sukari ne bayan suya. In a gidanki ake yi, ki cire naki bayan tsomawa ɗaya, kada ya kwana a ciki.

Da kin gama ki tashi ki taka na minti 10 zuwa 15. Ba sai kin ce motsa jiki za ki yi ba, ki kai wa maƙwabta abinci da ƙafarki maimakon aiken yara. Awa 2 daga lokacin da kika fara ci ki gwada, ki rubuta abin da kika ci da lambar da ta fito.

7. Yawon Sallah

Wannan ya fi duk sauran wuya, don ba da abinci kike fama ba, da mutane ne. Gida biyar za ki shiga, kowane gida a dire miki lemo da cincin da nama. Ki ce a'a, a ce, "Haba, Sallah ce fa, yau ɗaya me zai yi miki?" Ko a ce, "Ko kin raina ne?" A gidan surukai kuwa ga kunya.

Kada ki tsaya dogon bayani, kuma kada ki ɓoye ciwon. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga abin da nake ce wa surukata: "Hajiya, likita ya sa min doka, amma wannan dublan ɗin naki ba zan bar shi ba. A ƙulla min in tafi da shi." Ta ji daɗi an yaba, ni kuma na tsira, dublan ya zama na yara. A sauran gidaje ina karɓar ruwa, in ɗauki tsoka ɗaya ta nama in riƙe ina ci a hankali. Mai masauki so yake ya ga bakinki yana motsi, ba ya ƙirga loma. In an riga an buɗe lemo, ki miƙa wa yaron da ke kusa. Filas ɗinki na zoɓo yana jaka, ki zuba a kofinsu ki sha tare da kowa.

In gidan da za ki je nan ne ake yin abin da kika fi so, ki ajiye rabonki na zaƙi sai can, ki bar na gidanki.

Masu zuwa kallon hawa, irin Hawan Daushe da ake daɗewa a tsaye cikin rana da cunkoso, su tafi da ruwa da ɗan abin ci da sukarin nan na jaka. Insulin da tsinken gwaji ba sa son zafi, kada a bar su cikin mota a rufe.

8. Naman layya

Nama ba ya ɗaga suga kamar tuwo, shi ya sa wasu ke sakin jiki su wuni suna ci kwana uku. Matsalarsa kitse da gishiri, kuma yawancinmu masu suga muna haɗawa da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a wuni kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin dunƙulen magi da yaji da kilishi.

Tun wajen yanka ki ware naki, tsoka zalla ta cinya, ki yanke kitsen. Ki gasa, ko ki yi farfesu da daddawa da citta da masoro da tafarnuwa, dunƙule ɗaya a tukunya maimakon huɗu. Farfesun ki bar shi ya huce, kitsen rago zai daskare a sama fari fat, ki kwashe da cokali sannan ki ɗumama. In rashin wuta ya tilasta a soye naman duka don kada ya lalace, ki tsame naki a matsami ya tsane sosai, kada ki ci wanda ya kwana cikin mai. Yajinki ki daka da kanki, gishiri kaɗan, don na kasuwa rabinsa gishiri da magi ne a baki.

Tafin hannu ɗaya a kowane ci ya isa, tare da ganye da ruwa da yawa, in ba haka ba ciki zai ɗaure. Mai ciwon gaɓɓai irin wanda ke kumbura babban yatsan ƙafa ta bar wa wasu hanta da ƙoda.

9. In abu ya kwaɓe

Rawar jiki, gumi, jiri, bugun zuciya, yunwa mai tsanani: ki gwada. In ƙasa da 70 ne, ko babu na'ura a kusa, ki sha sukari giram 15 nan take, wato ƙwara 4 ɗin nan, ko babban cokali ɗaya a ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba. Ki jira minti 15 ki sake gwadawa, in bai tashi ba ki maimaita, in ya tashi ki ci abinci. Ki koya wa mutanen gida wannan tun kafin ranar, ki kuma gaya musu in mutum ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake yi da shi.

In kuma hawa ya yi don kin zarce, kada ki ninka magani da kanki, kada ki ƙi cin abincin dare don horon kai. Ki sha ruwa, ki ci ganye da nama kaɗan, ki sake gwadawa. Amma in ya wuce 300 ya ƙi sauka, ko ya haɗu da amai, ƙishi marar yankewa, ciwon ciki, numfashi sama-sama ko ruɗewa, ba a jiran hutu ya ƙare. Sashen gaggawa a buɗe yake ranar Sallah.

10. Bayan kwana uku

Ranar Idi ba ta cika kayar da ni ba kamar satin da ke biye, lokacin da baƙi sun ɗauke ƙafa, robobin cincin da kek suna nan, ni kaɗai a gida da rana. Saboda haka a rana ta uku nake ƙulle ragowar in raba wa yaran unguwa da almajiran da ke mana aike, in bar leda biyu kacal. Sai in buɗe littafina in duba. Na bara ga abin da ke ciki: ranar farko, waina 2, taushe, rabin alkaki, na taka zuwa gidan Yaya, 164. Rana ta biyu, sinasir ɗaya da rabin kofin kunun aya a gidan Hajiya, ban taka ko'ina ba, 221. Na ja layi a ƙarƙashin kunun ayan. Bana zan sake gwada sinasir ɗin, da zoɓona a jaka.